CARAR ZAKARA DA HAƘƘIN MAƘWABTAKA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu masu riƙe da littattafan gunduma, da fatan za su isar da abin da ke cikinsa ga dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga talakawa. Maganar kuwa ta zakara ce da cararsa. Watakila wani ya ji haka ya yi murmushi, ya ce ina ruwan hakimi da zakara? Amma wanda ya daɗe yana zama a zauren hakimi ya san yawancin rigingimun da ke raba maƙwabta ba daga manyan abubuwa su ke tasowa ba. Daga indararo su ke tasowa, da akuyar da ta shiga gona, da kazar da ta barbaza shanya. Carar zakara cikin dare ta shiga sahun waɗannan, musamman a manyan garuruwa.

Zakara tsuntsu ne mai daraja a ƙasar Hausa. Tun kafin agogo ya yawaita, da cararsa fatake ke ɗaura wa jakuna kaya, da ita mata ke tashi su hura wuta, da ita ladan ke shirin assalatu. A cikin littafin hadisi na Abu Dawuda an ruwaito hani ga zagin zakara, saboda yana ta da mutane salla. Don haka ba wanda ke neman a raba mutane da zakarunsu. Abin da ya sake shi ne zaman gari. A da gida yana da faɗi, katanga ta ƙasa ce mai kauri, kowa kuma da asuba ya ke tashi. Yanzu gidajen haya sun matsu, sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin akurkin wani da gadon wani. Ga kuma masu aikin dare sun yi yawa: ma'aikatan asibiti, da masu gadi, da masu gidan burodi, da direbobin manyan motoci, waɗanda ba su samun kwanciya sai lokacin da zakara ke shirin buɗe baki.

Kowane ɓangare yana da abin da zai yi hasara. Marar lafiya da mai jego da tsoho mai hawan jini suna bukatar barci kamar yadda su ke bukatar magani, direban da ya kwana ido biyu kuwa rayukan mutane ya ke ɗauka kashegari. Ta ɗaya gefen, kajin gida galibi dukiyar mata ce da yara. Daga cikinsu a ke samun kuɗin sabulu da na littafi da na allura in ciwo ya zo ba shiri. In aka yi watsi da kukan mai ƙara, ƙarshenta a wayi gari a tarar an zuba wa kaji guba cikin dusa, gida biyu su daina gaisawa, ba barka ba ta'aziyya. In kuma aka ce a yanka zakara ba bincike, an cuci mai shi. Gindin maganar dai ɗaya ne: cara ba ta hanuwa, sai dai a rage ta, a kuma nisanta ta daga kunnen mai barci. Wurin gyara shi ne akurki, maƙogwaron zakara kuwa a bar masa abinsa.

ME YA SA ZAKARA KE CARA

Mutane da yawa suna tsammani hasken alfijir ne ke sa zakara cara. A shekarar 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan, Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura, suka bayyana gwajin da suka yi bisa wannan. Sun sa zakaru cikin ɗakin da rana ba ta shiga, suna kunna fitila awa 12, su rage ta awa 12. Sai suka ga zakarun na fara cara wajen awa 2 kafin a kunna fitilar. Sa'an nan suka bar ɗakin cikin haske dishi-dishi dare da rana, ba abin da zai nuna wa tsuntsu gari ya waye. Duk da haka zakarun suka ci gaba da cara bisa ƙa'ida, sau ɗaya cikin abin da ya yi kusa da awa 24. Watau agogon a cikin jikin zakara ya ke, Allah ya halicce shi da shi. Wannan ya dace da abin da kowane mutumin ƙauye ya sani, cewa carar farko ta kan zo tun gari da sauran duhu, wajen ƙarfe 4 na dare.

Masanan sun kuma ga abu biyu da ke ƙara yawan cara: haske in ya faɗo wa zakara farat ɗaya, da jin carar wani zakara. Waɗannan kuwa sun fi tasiri in asuba ta gabato. A shekarar 2015 suka sake bayyana wani gwaji, inda suka haɗa zakaru huɗu-huɗu. Zakarun suka yi faɗa har kowa ya san matsayinsa. Daga nan kullum asuba babban shi ke fara cara, na biyu ya bi, sai na uku, sai na huɗu, ba mai riga na gaba da shi. Da aka cire babban, sai na biyu ya gaji matsayin, ya zama shi ke buɗe fage.

Cara dai shela ce. Da ita zakara ke gaya wa sauran zakaru nan gidansa ne, waɗannan kuma kajinsa ne. Ta kan fara ne sa'ad da ɗan zakara ya balaga, yana da wata 4 zuwa 5, gama sinadarin balaga da marainansa ke fitarwa shi ke kawo ta. Hausawa sun riga sun faɗa, zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Daga wannan bayani hakimi zai fahimci abu uku. Na ɗaya, duka da kora da jifa ba su hana cara, wahalar da tsuntsu kurum su ke yi. Na biyu, gidan da ke da zakara biyar ba cara biyar kaɗai a ke ji daga cikinsa ba, domin kowane ɗaya yana zuga ɗan'uwansa, kuma yanka babban cikinsu ba ya kawo shiru, sai dai ya sake wanda zai fara. Na uku, haske da hayaniya suna hannun mutum, ana iya gyara su.

ƘARFIN CARA DA AMFANIN NISA

Ma'aunin ƙarfin sauti sunansa desibel. Hira tsakanin mutum biyu ta kan kai wajen desibel 60. A shekarar 2018 wasu masana a ƙasar Beljiyam suka bayyana cewa sun auna cara a daidai kan zakara, suka tarar ta wuce desibel 130, abin da ya isa ya lalata kunnen mutum. Sun kuma gano cewa in zakara ya wage baki, ramin kunnensa ya kan tsuke, shi ya sa ba ya kurmantar da kansa. Mutum kuwa ba shi da wannan kariya. Saboda haka bai kamata a bar yara su riƙa rungumar zakara kusa da kunne ba.

Abin da ke da daɗin ji shi ne sauti yana raguwa da sauri in an yi nisa. A fili, duk sa'ad da aka ninka tazara, ƙarfin sauti ya kan ragu da wajen desibel 6. Alal misali, akurkin da ke mita 2 daga tagar maƙwabci, in aka mai da shi mita 16, an ninka tazarar sau uku ke nan, an rage wajen desibel 18. Kunnen mutum kuwa ya kan ji ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Watau abin da zai isa tagar ba zai kai sulusin na da ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 1999 cewa cikin ɗakin barci kada ƙarar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce desibel 45. Ba kowane hakimi ke da na'urar awo ba, ba kuwa lalle sai da ita ba. Taku da kunne sun isa su nuna inda gyara ya ke.

HANYOYI HUƊU MARASA HAƊARI

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace amfani, ita ce rage yawan zakaru. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji wajen 10. In kaza ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin maza ne. Mai kaji ya kan bar su duka saboda sabo, har su girma su cika gida da cara da faɗa, suna cin dusar da ya kamata masu ƙwai su ci, suna kuma tuge gashin bayan kaji saboda yawan hawa. Lokacin da suka fara gwada murya shi ne lokacin da ya dace a kai su kasuwa ko a sa su cikin tukunya, musamman in salla ko wani biki ya gabato, kuɗinsu na da kyau. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A zaɓi ɗaya mai ƙirar kirki a bari domin iri.

Ya kamata kuma a sanar da jama'a cewa kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Zakara ba ya ƙara yawan ƙwai, abin da ya ke yi shi ne ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Wanda ƙwan ci ko na sayarwa kurum ya ke so, ba shi da bukatar zakara ko ɗaya, ƙwansa ma ya fi jure zafi, tun da babu ɗan tsakon da zai fara tsira a ciki. Wanda kuma ke son 'yan tsaki sau biyu ko uku a shekara, yana iya aro, gama kazar da zakara ya hau ta kan yi kwana 10 ko fiye tana yin ƙwai mai ƙyanƙyasuwa. Gidaje uku ko huɗu na iya tarayya bisa zakara ɗaya, a ajiye shi a gidan da ya fi faɗi, kamar yadda a ke yi da rago ko bunsuru. Sai dai a tabbata kajin gidajen duka lafiyarsu ƙalau.

Hanya ta biyu ita ce duhu. Zakaran da ke kwana bisa katanga ko reshen darbejiya yana ganin kowane haske: ƙwan lantarkin tsakar gida, da fitilar sola ta bakin titi, da hasken motar da ta wuce, da farin wata. Kowane ɗaya na iya sa shi cara, in kuwa ya yi, na maƙwabta su amsa, unguwa ta ɗauka. A saba wa kaji shiga akurki da magariba ta hanyar watsa musu ɗan hatsi a bakin ƙofa. Kwana kaɗan za su riƙa zuwa da kansu. A rufe ƙofar, a toshe kafofin da haske ke bi, kada a buɗe sai bayan rana ta fito. Wannan ba zai hana carar asuba ba, tun da agogon na cikin jiki, amma zai rage ta tsakar dare ƙwarai, wadda ita ce ta fi damun mutane. Har wa yau akurki yana tsare kaji daga muzuru da tunku da ɓarawo, abin da ke firgita zakara kuwa yana cikin abin da ke sa shi ɗaga murya.

Hanya ta uku ita ce wurin akurki da abin da aka gina shi da shi. A nemi kusurwar da ta fi nisa da ɗakunan barci, na gida da na maƙwabta, a gina shi can. Ƙofarsa ta dubi tsakar gidan mai shi, ko kango, ko gona, kada ta dubi tagar wani. Abu mai nauyi shi ke tare sauti. Bangon ƙasa mai kauri da rufin azara da laka sun fi kwano nesa ba kusa ba, gama kwano ba ya tare ƙara, ga shi kuma da zafi. Zana da buhu da kwali suna tare haske, amma abin da su ke ragewa na sauti kaɗan ne. A nan akurkin laka irin na kakanni ya fi na zamani. In kwano ne ya samu, a yi masa rufin ƙasa daga ciki, ko a ɗora masa ciyawa mai kauri. In akwai rumbu ko ɗakin ajiya tsakanin akurki da gidan maƙwabci, ya ƙara kyau.

Hanya ta huɗu ita ce iska, kuma a nan ne hatsari ya ke. Wanda aka ce ya toshe haske, in bai gane ba sai ya toshe iska ma, ya wayi gari ya tarar da kajinsa a mace. Zafin jikin kaza ya kai wajen digiri 41, kuma ba ta yin gumi. Ta baki ta ke fitar da zafi, shi ya sa a ke ganin ta buɗe baki tana haki da bazara. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke kaiwa digiri 40 a garuruwan Arewa, akurki marar iska kabari ne. Kashin kaji kuma in ya taru yana fitar da wani wari mai yaji da ke cin ido da huhu. Saboda haka a bar kafofi a sama kusa da rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a sa musu ragar waya saboda maciji da gafiya, a yi musu 'yar rumfa daga waje yadda iska za ta shiga haske bai shiga ba. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntun shinkafa a ƙasa, a riƙa kwashewa ana kai wa gona. A ajiye kaskon ruwa ciki. Tsayin akurki ya isa zakara ya miƙe sosai, ya juya, ya kaɗa fiffike.

ABUBUWAN DA YA WAJABA A HANA

Akwai dabarun da mutane ke koya wa juna, waɗanda ya kamata masu unguwa su tsawata a kansu. Na farko shi ne ɗaure wuyan zakara da igiya ko roba ko tsumma. Har akwai wani abin wuya da a ke sayarwa domin wannan. Yadda ya ke aiki shi ne ya matse hanyar iska don kada tsuntsu ya sami ƙarfin fitar da murya. In ya yi sako-sako ba ya hana kome, in ya matse kuwa ya hana haɗiya da numfashi, ko ya sarƙe da ƙaya tsuntsu ya rataye. Tsakanin biyun nan tazarar ba ta da yawa, musamman da zafi, lokacin da ran kaza ya dogara ga haki.

Na biyu shi ne kifa wa zakara daro ko bokiti ko tukunya ya kwana ciki, ko cusa shi cikin buhu. Wannan shaƙewa ce. Na uku shi ne yanke masa harshe, ko soka masa wani abu a maƙogwaro. Muryar tsuntsu ba daga harshe ta ke fitowa ba, daga can cikin ƙirji ta ke, inda bututun iska ya rabu biyu. Wanda ya yanke harshe ya azabtar da tsuntsu a banza. Na huɗu shi ne fiɗiya. Marainan zakara a cikin ciki su ke, kusa da ƙashin baya, ba a kai musu sai an tsaga jiki. Wanda ba likitan dabbobi ba in ya taɓa, mafi yawa mushe zai samu. Na biyar shi ne ba zakara maganin barci ko wani maganin mutane. Yana iya kashe shi, in kuma bai mutu ba aka yanka, saura na cikin naman da yara za su ci.

Na shida shi ne shigar da zakara ɗakin kwana ko madafa don kada maƙwabta su ji. Wannan ya jawo maganar cuta. Tun shekarar 2006, sa'ad da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a wata gona kusa da Jaji cikin Jihar Kaduna, ma'aikatan lafiya ke gargaɗi kada mutane su kwana ɗaki ɗaya da kaji, gama cutar na iya kama mutum.

IN MURYAR ZAKARA TA SAKE

Zakaran da ya saba cara in ya yi shiru farat ɗaya, kada mai gida ya yi murna tukuna. In muryarsa ta dishe, ko yana gurnani cikin numfashi, ko zankonsa ya yi baƙi-baƙi, ko yana zawo kore, ko wuyansa ya karkace, to ciwo ne. Annobar kaji wadda likitoci ke kira Niyukasul, mai yawan zuwa da hunturu, tana iya share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Tana da rigakafi, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom cikin Jihar Filato tana yin sa, ana kuwa samu ta hannun malaman dabbobi. A ware marar lafiya nan da nan. Sabon tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a tsare shi shi kaɗai mako 2 kafin a haɗa shi da na gida. In kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada a jefar a juji. Mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, malamin hakimi ya rubuta wa ofishin dabbobi a ranar.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

A ƙaddara wani mai gadin dare ya zo zaure ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, zakarun maƙwabcina sun hana ni barci, sun hana mahaifiyata marar lafiya barci. Na yi magana har na gaji." Abu na farko shi ne kada fadawa su yi masa dariya, domin wanda aka yi wa dariya a zaure shi ke komawa ya ɗauki doka a hannunsa. Abu na biyu, kada a yanke magana a zaure. A tura mai unguwa, in da hali tare da duba-gari, su je su gani da ido, su kuma koma da asuba su ji da kunne.

Abu na uku, a binciki mai zakarun. Sau da yawa maigida a ke kira, alhali dukiyar ta uwargida ce, mijinta kuwa ba shi da ikon ya yanka ko ya sayar ba da yardarta ba. In aka yi sulhu da shi ba da saninta ba, sulhun ba zai kwana ba. A tura wata dattijuwa ta unguwa ta shiga ta yi mata bayani, ta nuna mata cewa zakaru huɗu daga cikin biyar ɗin nan dusa kurum su ke ci, kuɗinsu kuwa ya isa ya ƙaro mata kaji masu ƙwai. Wanda aka nuna wa riba ya fi saurin yarda bisa wanda aka yi wa tsawa.

Malamin hakimi shi zai riƙe zaren maganar. Ya rubuta ranar da aka kawo ƙara, da yawan zakaru da na kaji, da inda su ke kwana, da taku nawa ne daga nan zuwa tagar mai ƙara, da irin hasken da ke kusa, da lokacin da aka ji cara, da ko akwai marar lafiya a gidan. Sa'an nan ya rubuta abin da aka shirya, ya karanta wa ɓangarorin biyu a gaban shaidu, a sa ranar dawowa bayan mako 2. Kaji su kan ɗauki kwanaki kafin su saba da sabon makwanci, ginin laka kuma yana son ya bushe. Kada a ce sulhu ya kasa tun kashegari. Mai ƙara shi ma a ba shi nasa aikin: ya kashe fitilar da ke haska gidan maƙwabci, ko ya mai da gado ɗaya ɗakin, in kuwa yana da hali ya taimaka da tubali ko da kwana ɗaya na aiki. A kuma gaya masa gaskiya, carar asuba da ta rana ba za ta ɗauke ɗungum ba. Wanda ya zauna cikin mutane sai ya ji motsinsu.

Irin wannan ƙara ba a nan kaɗai a ke yin ta ba. A ƙasar Faransa, a tsibirin Oleron, wasu maƙwabta sun kai ƙarar wata mata saboda zakaranta mai suna Maurice, maganar ta bazu duniya. Ranar 5 ga Satumba 2019 kotun garin Rochefort ta kori ƙarar, ta bar zakara da cararsa, ta kuma sa masu ƙara su biya matar Yuro 1,000. A watan Janairu 2021 majalisar ƙasar ta zartar da doka mai kare sautuka da ƙamshi da warin ƙauye, watau ta ɗauke su cikin gadon ƙasa. Abin lura shi ne an yi shekara biyu ana wannan ja-in-ja bisa tsuntsu ɗaya, an kashe kuɗin da ya isa gina akurki da yawa, zumunci kuma ya tafi. Mai unguwa mai hankali zai iya kashe irin wannan wuta cikin yini biyu.

Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976, ƙarfin hakimi ya fi karkata ga sulhu da nasiha, hukunci kuwa na kotu ne. Amma yana da kyau hakimi ya san abin da ke bayansa. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda aka kafa a 1959 ya fara aiki a 1960, ya ƙunshi hukunci bisa azabtar da dabba, da ɓarnata dukiyar wani, da damun jama'a. A shekarar 2009 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idodin hana yawan ƙara. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma akwai ƙa'idar da malamai suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka bisanta, wadda ta hana mutum ya cuci wani, ta kuma hana rama cuta da cuta. Watau mai zakara ba shi da ikon ya ce gidana ne in yi abin da na ga dama, mai ƙara kuma ba shi da ikon ya sa guba ko ya yi jifa. Wanda ya kashe kazar wani, biya ya hau kansa. Wanda ya ƙi sulhu bayan an yi masa nasiha sau biyu sau uku, sai a miƙa maganar ga duba-gari ko kotu, tare da takardar da malami ya rubuta.

Rigakafi dai ya fi magani. In hakimai suka sa wannan magana cikin taronsu da dagatai kafin hunturu, lokacin rigakafin kaji, da kuma kafin bazara, lokacin zafi, masu unguwa suka zaga suka duba akurkai, yawancin ƙararrakin nan ba za su kai zaure ba. Abin da za a riƙa tuna wa jama'a kaɗan ne: zakara ɗaya ga kaji 10, ya kwana cikin akurki mai duhu mai iska, nesa da tagar maƙwabci, kada kuma a taɓa wuyansa da kome sai ranar yanka.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba hakimai da malamansu basirar riƙon jama'a, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.